Natsuwar Marubuci: A Zuciya Take ko a Kayan Aiki?

Daga cikin tambayoyin da malaman tarbiyyar zuciya da masana falsafa suka daɗe suna juyawa akwai tambayar inda natsuwa take zaune, wato ko hali ce da mutum yake ɗauke da ita a zuciyarsa duk inda ya shiga, ko kuwa aba ce da wuri da kayan aiki suke iya bayarwa, suke kuma iya ƙwacewa. Natsuwa a nan tana nufin tattaruwar hankali a kan abu guda har tsawon lokacin da abin yake bukata, kishiyarta kuwa ita ce shagala, wato hankali ya saki abin da aka ɗora shi a kai ya bi wani abu da ya gitta. Wannan tsohuwar tambaya ta sake tasowa a wurin da ba a saba neman falsafa ba, wato wajen zaɓen manhajar da marubuci zai yi dogon rubutu da ita a kwamfuta, kamar littafi ko kundin digiri ko ƙagaggen labari, domin an samu wani rukuni na manhajoji da aka gina a kan alƙawari guda, cewa za su kawar da duk abin da yake raba hankalin mai rubutu.

Siffar waɗannan manhajoji ba ta da wuyar bayani. Idan aka buɗe ɗaya daga cikinsu, sai ta rufe fuskar kwamfutar baki ɗaya, ta ɓoye agogo da jerin madannai da alamomin sauran manhajoji, ba ta barin komai sai fili da kalmomin da ake zubawa a cikinsa. WriteRoom, wadda Jesse Grosjean ya fitar a 2006, ita ce ta yi suna da wannan tsari, inda take nuna koren rubutu a kan baƙin fili, irin na kwamfutocin farko. Daga baya iA Writer ta ƙara wata dabara, ta riƙa dusashe duk jimlolin shafi in ban da wadda ake kan rubutawa. FocusWriter kuwa kyauta ake samunta, kuma madannanta ba sa bayyana sai mai rubutu ya neme su a gefen fuska. Wasu ma sun wuce manhaja sun koma ga na'ura mai zaman kanta, irin AlphaSmart Neo da aka yi domin 'yan makaranta, wadda take nuna layuka kaɗan kuma take aiki na ɗaruruwan sa'o'i da ƙananan batura 3, ko Freewrite da ta fito kasuwa a 2016. Marubucin nan na Amurka, George R. R. Martin, ya faɗa a wata hira ta talabijin a 2014 cewa yana rubuta littattafansa ne da tsohuwar manhajar WordStar 4.0 a kan kwamfutar da ba ta haɗe da intanet, kuma daga cikin dalilansa akwai ƙin manhajar da take gyara masa abin da bai nemi a gyara ba.

Abin da ya haifar da wannan bukata ya kasu gida biyu. Na farko shi ne cewa manhajojin ofis irin Microsoft Word, wadda ta fara fitowa a 1983, sun haɗa ayyuka biyu da a da suke hannun mutane daban, wato aikin marubuci mai haɗa ma'ana da aikin maɗaba'a mai tsara shafi, ta yadda mutumin da yake laluben kalmar da ta dace yana kuma ganin tayin ya canza girman haruffa ko faɗin gefen takarda. Ga mai rubutu da Hausa akwai ƙarin wata damuwa, domin idan manhajar tana duba ƙa'idar rubutu da ƙamus ɗin Turanci, sai ta ja jan layi a ƙarƙashin kusan kowace kalma, shafin ya zama kamar takardar ɗalibin da malami ya yi wa gyara, wani lokaci ma ta sauya kalmar Hausa da ta Turanci mai kama da ita ba tare da an tambaye ta ba. Na biyu shi ne cewa na'urar da ake rubutu da ita ita ce dai take kawo saƙonni da labarai da hotuna. Herbert Simon, masanin da ya samu kyautar Nobel a fannin tattalin arziki a 1978, ya lura tun a 1971 cewa bayanai suna cin wani abu, abin da suke ci kuwa shi ne hankalin mai karɓarsu, saboda haka yawaitar bayanai tana haifar da ƙarancin hankalin da za a kula da su. Bahaushe ya riga ya ce taura biyu ba ta taunuwa, sai dai kwamfutar da take haɗe da intanet ba taura biyu take miƙowa ba, kwando take ajiyewa a gaban mutum.

Akwai masu ganin cewa duk wannan neman mafaka ne ga mai raunin himma, kuma hujjarsu tana da nauyi. Blaise Pascal, masanin lissafi da falsafa na Faransa wanda ya rasu a 1662, ya yi dogon bayani a kan cewa mutum da kansa yake neman abin da zai shagaltar da shi, saboda zama shiru a ɗaki yana tilasta masa duban halin da yake ciki, da rauninsa, da mutuwar da take jiransa. Idan haka ne, to sanarwar da take faɗowa a fuskar kwamfuta baƙuwa ce da aka gayyato, kuma wanda ya rufe mata wannan ƙofa zai buɗe mata wata, ya ɗauki wayarsa ko ya tashi neman abin sha. Bisa wannan fahimta, hankali ke gani, ido gululu ne, kuma gyaran abin da yake gaban ido ba ya taɓa asalin ciwon.

Sai dai addinin Musulunci, wanda ya ba wa niyya da aikin zuciya matsayi mafi girma, bai raina abin da yake gaban ido ba. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi salla da wani mayafi mai zane-zane da ake kira hamisa, da ya idar sai ya ba da umarni a mayar da shi ga Abu Jahm, a karɓo masa wani mayafin mai kauri wanda ba shi da ado, domin zanen ya ɗauke masa hankali a cikin sallar. Masu sharhi sun ce ya nemi musanya ne don kada Abu Jahm, wanda shi ya ba da kyautar tun farko, ya ji an ƙi kyautarsa. Haka kuma an ruwaito cewa ya umarci a cire wani labule mai hotuna daga gefen ɗaki saboda irin wannan dalili. A cikin Muwaɗɗa ta Imam Malik kuma akwai labarin Abu Ɗalha Ba'ansare, wanda yana salla a gonarsa wani tsuntsu ya riƙa shawagi yana neman mafita a tsakanin itatuwa, ya bi shi da ido har ya manta raka'a nawa ya yi, sai ya sadaukar da gonar. Rubutu ba salla ba ne, kuma ba daidai ba ne a daidaita su a daraja, amma hankalin da yake tsayawa a salla shi ne dai yake zama a gaban takarda, kuma darasin da yake cikin waɗannan ruwayoyi a fili yake: idan mafi cikar halitta ya kawar da zane daga gabansa, babu wanda zai ɗauki kawar da abin shagala a matsayin abin kunya.

Imam Gazali, wanda ya rayu daga 1058 zuwa 1111, shi ne ya yi wa mas'alar rabon da ya fi amfani. A cikin Ihya'u Ulumiddin, a babin da ya yi magana a kan sirrin salla, ya bayyana abin da ake kira halartar zuciya, wato zuciya ta kasance tare da abin da harshe da gaɓoɓi suke yi, sannan ya raba abubuwan da suke kore ta gida biyu, na waje da na ciki. Na waje shi ne abin da ya bugi kunne ko ya bayyana ga ido, wanda yake fizgar tunani, tunanin kuma ya jawo wani tunanin har mutum ya yi nisa. Maganinsa a wurin Gazali shi ne a yanke sababin: a runtse ido, ko a yi salla a ɗaki mai duhu, ko a matsa kusa da bango don kada gani ya samu fili, a kuma guji shimfiɗu masu rini da wurare masu ado. Ya ambaci cewa masu ibada na da sukan keɓe a ƙaramin ɗaki wanda faɗinsa bai wuce wurin sujada ba, kuma ya yarda cewa mai ƙarfin himma ba ya bukatar wannan, amma mai rauni dole ne ya yi. Duk wanda ya dubi baƙin filin WriteRoom, ko jimla guda da iA Writer take haskawa, zai gane cewa masu ƙirƙirarsu sun gina wa marubuci irin wannan ƙaramin ɗaki ne, ko sun san da Gazali ko ba su sani ba.

Sababin ciki kuwa Gazali ya ce shi ya fi tsanani, domin wanda damuwoyinsa suka watsu a kwarurukan duniya runtse ido ba zai amfane shi ba, tunda abin da ya riga ya shiga zuciya ya isa ya shagaltar da ita. Ya buga misali da mutumin da ya zauna a gindin bishiya yana son tunaninsa ya yi sarari, kukan tsuntsaye yana damunsa, yana korarsu da sanda suna dawowa, har aka ce masa wannan aiki ba zai ƙare ba sai ya sare bishiyar. A nan ne iyakar kowace manhaja take. Tana iya korar tsuntsayen da suke kan fuskar kwamfuta, amma bishiyar da take tara su, wato son a yaba, da tsoron a kushe, da gaggawar ganin sakamako, da rashin sanin abin da ake son faɗa, tana tsaye a cikin mai rubutun. Marubutan Hausa da yawa a yau suna rubuta labaransu a waya suna sakinsu babi-babi a WhatsApp ko Wattpad, kuma wanda ya saba da jin ra'ayin masu karatu a daren da ya saki babi zai iske cewa muryoyinsu suna biyo shi har cikin filin da babu komai, suna gaya masa abin da zai sa a shafi na gaba.

Akwai ma wani nau'in shagala da ya fi wannan ɓoyuwa, wato wanda yake zuwa cikin rigar shiri. Mutum yana iya shafe makonni yana gwada manhajoji, yana kwatanta launin fili da siffar haruffa, yana karanta ra'ayoyin masu amfani da su, zuciyarsa tana ba shi tabbacin cewa aikin littafi yake yi, alhali bai ƙara masa layi ɗaya ba. Malaman tarbiyya suna kiran irin wannan ruɗi da gururi, wato rai ya natsu da wani abu da ya yi kama da alheri saboda ya dace da son zuciyarsa. Wasu manhajojin kuma, bayan sun ɓoye madannai, sai su kawo ma'aunin da yake ƙirga kalmomin da aka rubuta a yini da kwanakin da aka jera ba a fasa ba. Wannan yana taimaka wa wanda kasala ce matsalarsa, amma yana iya mayar da hankalin wani daga ma'ana zuwa lamba, har ya ƙi goge sakin layin da ya san ba shi da amfani don kada adadinsa ya ragu.

Tambayar ko kayan rubutu suna shiga cikin tunanin da ake rubutawa ita ma tsohuwa ce. Aflatun, a cikin tattaunawar da ake kira Phaedrus, ya sa a bakin malaminsa Sokiratis labarin wani sarkin Masar da ya ƙi yaba wa ƙirƙirar rubutu, yana ganin zai sa mutane su dogara da alamomin waje su bar hadda. A 1882 Friedrich Nietzsche, da ganinsa ya yi rauni, ya samu keken rubutu na Rasmus Malling-Hansen ɗan ƙasar Danmak, kuma ya rubuta wa wani abokinsa cewa kayan rubutu suna da hannu a cikin tunanin mutum. Wasu masana sun kafa hujja da wannan cewa keken ne ya gajarta jimlolinsa, sai dai hujjar tana da rauni, domin ya riga ya koma ga gajerun maganganu tun a littafinsa na 1878, kuma makonni kaɗan ya yi yana amfani da keken kafin ya lalace. Abin da ya fi kusa da gaskiya shi ne bayanin Martin Heidegger a littafinsa na 1927, inda ya nuna cewa kayan aiki na ƙwarai yana ɓacewa daga hankalin mai amfani da shi: kafinta ba ya tunanin guduma yayin da yake buga ƙusa, sai ranar da ƙotarta ta karye. Daga nan ake samun ma'auni na farko na zaɓe, wato manhajar da ta dace ita ce wadda mai rubutu yake mantawa da ita bayan ya fara, kuma wannan ya danganta da sabo fiye da yadda ya danganta da ƙira. Wanda yatsunsa suka saba da Word, wadda ita ma tana da yanayin ɓoye madannai, yana iya samun natsuwa a cikinta fiye da yadda zai samu a Vim, manhajar da Bram Moolenaar ya fitar a 1991, wadda fuskarta ba ta da ado ko kaɗan amma sai an haddace umarnoninta kafin a iya rubuta jimla cikin sauƙi.

Wani abin da masu yabon filin da babu komai sukan manta shi ne cewa dogon rubutu yana bukatar gani iri biyu, ganin jimlar da ake ciki da ganin ginin baki ɗaya. A tsangaya, gardi mai neman ƙarfafa hadda yakan fita kiskadi, wato ya keɓe a bayan gari da allonsa, kuma allo ba ya ɗaukar fiye da abin da za a karanta a wannan zama, sai an haddace a wanke a sake rubuta wani. Alaramman da yake rubuta Alƙur'ani da ka yana iya zama da falle ɗaya a gabansa saboda littafin duka yana cikin ƙirjinsa. Mai rubuta sabon littafi ba shi da wannan gata, domin abin da yake rubutawa bai wanzu ba tukuna, kuma idan ya kai babi na 9 dole ne ya koma ya ga abin da ya yi alƙawari a babi na 2. Saboda haka ne aka yi manhajoji irin Scrivener, wadda ta fito a 2007, da suke jera babi-babi da bayanan bincike a gefe, tare da ba da damar rufe komai idan lokacin zuba rubutu ya yi. Gazali da kansa, wanda ya bar kujerar koyarwa ta makarantar Nizamiyya a Bagadaza a 1095, ya riƙa hawa hasumiyar masallacin Dimashƙa yana kulle kansa, bai ɗauki keɓewa a matsayin alheri zalla ba, domin bayan ya lissafa amfaninta ya kuma lissafa abin da mai keɓewa yake rasawa, ya sa koyo da koyarwa a kan gaba, kuma ya koma koyarwa a Naisabur a 1106.

Wannan yana nuna cewa ba duk abin da ya shigo tsakanin marubuci da jimlarsa ne shagala ba, kuma bambancin da ya kamata a kula da shi shi ne tsakanin abin da hankali ya kira da abin da ya kira hankali. Ƙamus ɗin da aka buɗe don tabbatar da ma'anar kalma, da littafin da aka ɗauko don duba shekara, da babin baya da aka koma a karanta, duka hankali ne ya kira su, suna yi wa aikin hidima. Saƙon da ya faɗo, da jan layin da ba a nema ba, da shawarar kalma ta gaba da manhaja take miƙowa, su ne suka kira hankali, kuma na ƙarshen ya fi sauran haɗari saboda yana shiga cikin jimlar kanta, ya ba marubuci kalmar da aka fi yawan amfani da ita a daidai lokacin da ya kamata ya jira wadda ta fi dacewa. Simone Weil, 'yar Faransa mai nazarin falsafa, ta rubuta a 1942 cewa natsuwa ta gaskiya ba ɗaure fuska da yunƙurin jijiyoyi ba ce, ta fi kama da jira, wato tunani ya zauna a buɗe har abin da ake nema ya shigo, kuma tana ganin wannan jiran da ɗalibi yake koya a kan darasin lissafi shi ne dai asalin abin da addu'a take bukata. Manhajar da take cike kowane ɗan shiru da tayi tana hana wannan jira, ko da fuskarta ba ta da madanni ko ɗaya.

Saura mas'alar amana, domin littafin da aka shafe shekaru ana rubutawa bai kamata rayuwarsa ta rataya a kan rayuwar kamfani ba. Manhajoji suna mutuwa, wasu kuma suna komawa tsarin biyan kuɗi wata-wata, wasu ba sa buɗuwa sai da intanet, abin da yake da nauyi a wurin da wutar lantarki da layin sadarwa ba su da tabbas. Mafi yawan manhajojin kawar da shagala suna ajiye aiki a matsayin rubutu zalla, wato fayil ɗin da babu komai a cikinsa sai haruffa, wanda kowace kwamfuta ko waya take iya buɗewa. Tsarin Markdown da John Gruber ya fitar a 2004 ya ƙara wa wannan sauƙi, inda ake nuna kan babi ko kalmar da ake son ƙarfafawa da 'yan alamomi da ake bugawa cikin rubutun, a bar tsara shafi sai an gama. Ga mai rubutu da Hausa akwai sharaɗin da ba a sassautawa, wato manhajar ta ajiye haruffa masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, bisa tsarin Unicode, wanda ya ba kowane harafin da yake cikinsa lambarsa ta dindindin. Kafin wannan tsari ya yaɗu, masu buga Hausa sukan dogara da wasu siffofin haruffa na musamman, kuma da zarar an kai fayil ɗin wata kwamfutar da ba ta da su, sai lanƙwasar ta ɓace ko ta koma wata alama daban, bambancin da yake tsakanin ƙafa da kafa, ko ɓari da bari, ya tafi tare da ita. Gwajin wannan ba ya ɗaukar lokaci: a rubuta layi ɗaya mai ɗauke da haruffan uku, manya da ƙanana, a ajiye, sannan a buɗe fayil ɗin a wata na'ura daban kafin a damƙa wa manhajar babi na farko.